Gahawar Abu Sayil

A jami'a kowa ya ɗauka son yawo ne ya fitar da ni. Da na ce hutun shekarar da ake ba malami zan yi shi ne a kan hanyar ƙafa, daga Umm Kais har bakin teku a Akaba, sai da shugaban sashenmu ya miƙe ya ba ni hannu. Wai wasu suna tafiya Jamus su zauna a ɗakin karatu, ni kuwa zan taka ƙasarmu da sawuna. Na bar shi da yabonsa. Uwata nake gudu.

Da kaka, a wani biki a ƙauyenmu Ain Sidra, Hamad ɗan ƙanena Mifleh ya ɗaga bindiga ya yi harbin murna sama, kamar yadda kowane sakarai yake yi a wajenmu. Harsashin ya sauko a wuyan wani saurayi mai suna Sayil, ɗan makiyayan da ke zagaye da ƙauyen. Kafin a binne shi an yi mana jalwa: duk wanda ya haɗa jini da mai kisa ya kwashe nasa ya nasa ya bar garin. Hamad yana kurkuku. Mifleh ya tafi Zarka da iyalinsa. Uwata kuma, wadda ta haura tamanin, wadda in ban da hajji ba ta taɓa kwana a wani gida ba, aka sa ta a mota aka kawo mini ita Irbid, hawa na huɗu.

Ba ta kuka, ba ta mita. Da tana yi da na fi samun sauƙi. Kullum da safe idan na fito sai in tarar da ita a kujerar nan ta bakin taga, ta ɗago kai ta ce, “Nawwaf, an yi magana?” In ce ba a yi ba tukuna. Ta ce to. Sau biyu dattawa suka yi tawaga suka je wurin uban yaron neman sulhu, aka zuba musu gahawa, suka ajiye finjalai a ƙasa suna jiran a amsa musu kafin su sha, har gahawar ta huce a gabansu. Uban bai ce uffan ba, suka tashi suka dawo. Tun daga nan abincinta ya ragu, zoben hannunta ya fara zamewa. Likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, in akwai abin da take so a yi mata shi da wuri. Abu ɗaya take so, ta koma ɗakinta ta mutu a ciki, kuma ba ni da ikon ba ta. Sai na sayi takalma da jakar goyo na bar ta da matata Rasmiyya.

Jiryis ne ya rako ni. Abokina ne tun muna ɗalibai, Kirista ne daga Madaba, ya sayar da kantin maganinsa ya rasa abin yi. Tumbi gare shi da baki, kuma duka biyun ba sa hutawa.

“Dakta, ka ga waccan bishiyar?” in ji shi, a wani hawa da ya kusa kashe mu. “A nan za ka binne ni. Ka gaya wa matata Umm Fadi na mutu ina ambatonta. Ƙarya ce, naman gashi nake ambato, amma ka gaya mata haka.”

“Wa ya aike ka? Kai ka ce za ka zo.”

“Na ɗauka yawo ne irin na mutane, a yi hoto a koma mota. Ban san azabtar da kanka ka fito yi ba, ka rasa wanda za ka ja sai ni.”

Arewa ta yi mana daɗi, ba zan ɓoye ba. Alkama ta yi kore, zaitun ko'ina, ƙauyuka kusa da juna, ba ka wuce ƙofa uku ba a kira ka shayi ba. Ƙafafuna suka yi bororo, suka fashe, suka warke. Na koyi bin alamar fenti a kan duwatsu, na koyi cin gurasa da kifin gwangwani ba tare da na zagi kowa ba. Wani lokaci sai in yi rabin yini ban tuna da komai ba sai nauyin jakata, kuma don wannan rabin yinin na fito. Amma duk tudun da muka hau wayar takan kama, ni kuma ban iya ƙin kiran uwata ba, wadda muke ce wa Yumma.

“Yumma, ya jikin?”

“Da godiya. Kana ina yau?”

“Mun wuce Karak.”

Ta san abin da ke gaba da Karak, ta fi taswirata sani.

“Ruwa ya sauka a can?”

“An ɗan yi.”

“To kurangar inabin nan tana son a datse ta. In ba a datse ta yanzu ba shi ke nan, bana ganye za ta yi.” Sai kuma ta ce, “An yi magana?”

“Yumma, ina tsakiyar daji. Da wa zan yi magana, da awaki?”

“To,” in ji ta.

Na kashe wayar ina jin haushin kaina da haushinta. Jiryis yana zaune a kan dutse yana matsa ɗan yatsan ƙafarsa, bai ɗago ba ya ce, “Da ni ne ita, da tun kana jariri na ba makiyaya kai kyauta.”

Hanyar tana ratsa ƙasarmu, wannan na san shi tun ina gida. Namiji daga gidanmu in ya taka wurin, jininsa a kansa, kuma ya rushe ɗan lafawar da dattawa suka samo da ƙyar. Shirinmu shi ne mu bi babban kwarin da ke iyaka, mu fita ta gefen arewa inda titin kwalta yake, mu hau bas ya tsallake da mu gaba. Shiri ne mai kyau, na malamin jami'a.

Ranar sama tana fes a kanmu. Can gabas ne aka yi ruwan, inda ba mu gani ba. Muna cikin kwarin, bango dama bango hagu, sai iska ta canja, ta zo da warin laka da wani ruri daga nesa. Jiryis ya tsaya ya ce, “Jirgi ne wannan?” Ni da na tashi a nan na san ba jirgi ba ne. Na fizgi hannunsa muka nufi bangon da ya fi kusa, muka hau da hannu da gwiwa. Ruwan ya zo ja wur, yana tafe da itatuwa da duwatsu, har da mushen tunkiya. Jakar Jiryis ta tafi, da gorunan ruwanmu manya a ciki. Shi kuma wajen hawa ƙafarsa ta shige tsakanin duwatsu biyu ta gurɗe. Sai da muka kai sama, numfashi ya dawo, na duba na ga a gefen kudu muke. Titin yana can ƙetare, ruwa yana ruri a tsakaninmu da shi.

Muka kwana a ƙarƙashin wani dutse. Da gari ya waye idon sawunsa ya kumbura ya yi baƙi, ruwan da ya rage bai cika kofi ba, wayar kuma ba ta kama komai. Na ɗora hannunsa a kafaɗata muka kama hanya. Ban buƙaci fenti ba. Na san tudun nan mai kai biyu, na san inda ake gangarawa rijiyar da muke shayar da jakin babana. Bayan tudun, tafiyar da ba ta kai ta hantsi ba, gidanmu ne a kulle.

“Ka san wurin nan,” in ji Jiryis.

“Na sani.”

“To daga yanzu ba ka da suna. Kai Dakta ne kawai, mutumin Irbid. In ka buɗe baki ka yi maganar birni, kada ka saki wannan harshen naku na ƙauye. Ni zan yi surutun, dama aikina ne.”

Rana ta take sosai kafin mu hango baƙin tanti na gashin akuya a gindin wani tudu, da farar a-kori-kura a gefe. Karnuka suka taso. Wani mutum ya fito ya daka musu tsawa, dogo, siriri, gemunsa ya fara fari, ya tsaya yana kallon yadda muke jan jiki.

“Marhabin da baƙin Allah,” ya ce. “Kwarin ne ya koro ku? Jiya na ce wa ɗan'uwana, Allah ya sa babu masu jakar goyon nan a ciki. Ku shigo, ku shigo.”

Bai tambayi sunanmu ba, ba a tambayar baƙo. Ni ma ban san shi ba. Shekara talatin ina arewa, makiyayan kuma dama ba cikin ƙauye suke ba. Ya ba mu ruwa muka sha kamar raƙuma. Ya durƙusa ya kama ƙafar Jiryis, ya juya ta hagu da dama, Jiryis yana kiran Almasihu da uwarsa.

“Ba ta karye ba,” in ji mutumin. “Nauyi ne ya yi mata yawa. Kai da wannan cikin, wa ya ce ka hau dutse?”

“Ga shi nan zaune. Dakta ne, amma ba na mutane ba, na ƙasa ne. Turɓaya yake aunawa gwamnati tana biyansa.”

Mutumin ya yi dariya, ya yage wani tsohon rawani ya ɗaure ƙafar. Na jingina da matashi, inuwar tantin ta sauko mini, a karo na farko tun jiya na ji jikina ya saki. Daga waje ana daka gahawa a turmi. Can sai mai dakan ya shigo da buta a hannun hagu, finjalai a dama, gajere kakkaura mai haɗaɗɗiyar gira.

“Abu Sayil,” ya ce, “a yanka ɗan akuyan ko su huta tukuna?”

“Yanka, Awwad. Su huta yana dahuwa.”

Na ɗago kai. A jikin ginshiƙin tsakiya, sama da inda aka rataye bindiga, akwai hoto da baƙin ƙyalle a kusurwarsa. Na san hoton. Duk ƙasar nan babu wayar da bai shiga ba a makon da abin ya faru: yaro mai ɗan gashin baki, yana murmushi da gefen baki ɗaya. Tun da na shigo yake kallona ban lura ba.

Awwad ya zuba na farko ya shanye a gabanmu, yadda ake yi. Ya zuba ya miƙa wa Jiryis, ya sha. Ya zuba ya miƙo mini, na karɓa da dama.

Ruwa ana ba kowa, ko maƙiyi. Gahawa daban ce. In na sha ta a tantin nan na shiga amanar mutumin nan, ya zama wajibi ya tsare ni ko daga ɗan'uwansa, kuma bai san wa yake tsarewa ba. Ranar da ya sani, za a ce baffan wanda ya kashe masa ɗa ya shigo da jakar goyo ya sace masa gahawa, ya ci ɗan akuyansa a ƙarƙashin hoton yaron. Tsoro nake ji, sosai, amma kunya ta fi tsoron. Hannuna ya kama rawa har gahawar tana taɓa yatsuna. Don kada ta zube a shimfiɗar mutane, sai na sunkuya na ajiye finjalin a ƙasa.

Wallahi iyakar abin da ke raina ke nan, kada ta zube. Shekara talatin ina shan gahawa a kofin takarda a kan tebur, ina ajiyewa ina ɗauka yadda na ga dama. Sai da Jiryis ya shure ni da lafiyayyar ƙafarsa na ga abin da na yi. Baƙo ya ajiye finjali a ƙasa bai sha ba, a gaban mai gida: ya zo da buƙata ke nan, ba zai sha ba sai an biya masa.

Abu Sayil ya dubi finjalin, ya dube ni, sai ya yi murmushi.

“Ka ga mutumin birni da ya san al'ada. Awwad, ka gani? Ba duka suka lalace ba.” Ya gyara zama. “Ku masu jakar goyo na san buƙatunku. In ba jaki ba mota, in ba mota ba wurin cajin waya. Sha gahawarka, ɗan'uwana. Abin da ka zo nema ka samu, ko mene ne. Ga Awwad ga abokinka, Allah kuma yana ji.”

Dattawa arba'in sun zauna a gaban mutumin nan sau biyu ba su sami wannan kalmar ba.

Jiryis ya matso kamar zai gyara ɗaurin ƙafarsa, ya yi magana ta cikin haƙora. “Ka ce jaki. Don girman Allah, Dakta, ka ce jaki.”

Da na ce jaki da an yi dariya, da na sha, da mun ci nama, da la'asar muna bakin titi. Na buɗe baki da niyyar in ce jakin. Abin da ya fito daban, kuma da harshen ƙauyenmu ya fito, wanda na yi shekaru ina gogewa.

“Abu Sayil, kafin in sha ka san wa ka ba maganarka. Ni ne Nawwaf ɗan Salama, na Ain Sidra. Mifleh ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Hamad ɗana ne.”

Babu wanda ya motsa. A waje ɗan akuyan da aka ɗaure yana ta kuka. Awwad ya ajiye butar a hankali a bakin murhu, ya miƙe tsaye, idonsa ya tafi kan ginshiƙin tsakiya.

“Zauna,” in ji Abu Sayil.

“Maganar ba ta ɗauru ba. Yaudara ce. Ya shigo da kayan Turawa ya ɓoye fuskarsa.”

“Na ce ka zauna, Awwad.”

Bai zauna ba, amma bai matsa ba. Abu Sayil bai ɗauke ido daga kaina ba. Murmushin ya tafi, fuskar ta koma ta wani tsoho da ban gani ba da muka shigo.

“Ka san tantina ne?”

“Ban sani ba sai da aka kira sunanka.”

“Kwarin ne ya jefo mu,” in ji Jiryis. “Na rantse da abin da nake bauta wa, bas za mu hau. Ni na ce ya ɓoye sunansa, in akwai laifi nawa ne.”

“Ba da kai nake ba, baƙona.” Ya sake juyowa. “Me ya hana ka sha ka tafi? Wa zai sani?”

“Za ka sani wata rana.”

Ya ɗauki ɗan tsinke yana tona toka a bakin murhu, ya ajiye.

“Na yi magana kafin in ji, wannan wautata ce. Amma na yi ta, a gaban mutum biyu. Faɗi buƙatarka. In fita lafiya kake so, ka samu tun da ka shigo inuwar nan, ba sai ka roƙa ba.”

Na san abin da Mifleh zai so in roƙa, na san abin da dattawa za su so. Amma sulhu ba abin da ake fizga ba ne daga bakin mutumin da ya yi tuntuɓen harshe, ko ya bayar ba zai zauna ba.

“Uwata,” na ce. “Ta haura tamanin, zuciyarta ta gaji. Ba ta harbi kowa ba. Tana so ta koma ɗakinta.”

“Hajiya Fidda.”

“Ita.”

“Ta taɓa jifana da takalmi, awakina sun shiga inabinta. Ina da gemu a lokacin.” Bai yi dariya ba, ba wanda ya yi. Ya dafa gwiwa ya tashi. “Yaron ba ni kaɗai na haife shi ba.”

Ya ɗaga labulen da ya raba tantin ya shiga ɓangaren mata. Muna jin muryarsa ƙasa ƙasa, ba ma jin kalmomin. Sai muryar mace, ita ma ƙasa ƙasa, da sauri, ba ta tsayawa. Sai ta tsaya. Abin da ya biyo baya ba kuka ba ne irin na makoki, wani sauti ne kamar na wanda aka danne wa ƙirji, yana fita yana katsewa. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Awwad yana tsaye a kaina, ina jin numfashinsa. Jiryis, wanda ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya sunkuyar da kai yana kallon ɗaurin ƙafarsa.

Da Abu Sayil ya dawo bai zauna ba.

“Tsohuwa ta dawo,” ya ce. “Gidanta nata ne, babu mai ɗaga mata murya. Ruwanta da itacenta a wuyana. In ta yi ciwo motata ce za ta kai ta asibiti.”

Na fara yi masa godiya, ya ɗaga hannu.

“Ban gama ba. Ita kaɗai. Namiji daga gidan Salama ba zai taka Ain Sidra ba, ko kai ko ƙanenka ko 'ya'yanku. Ba da salla ba, ba ranar ciwo ba, ba ranar da za a ɗauke ta ba. In ta cika, matanmu za su yi mata wanka, mu za mu sallace ta, mu za mu haƙa mu rufe. Za a kira ku a waya a gaya muku.” Ya nuna labulen da kai. “Uwar Sayil ta ce ita ba a ba ta ko sallama da nata ba. Wannan rabonta ne a maganar, ba zan taɓa shi ba. Ka karɓa haka, ko ka bar gahawar a inda take.”

Na dubi finjalin. Ƙura ta ɗan kwanta a kan gahawar. Awwad bai yi alamar zai sake zubawa ba, ni ma ban sa rai ba. Na ɗauka na shanye ta da sanyinta.

Awwad ya karɓi finjalin daga hannuna da yatsu biyu, ya fita da shi. Muka ji ya fasa shi a kan dutse.

Ba a yanka ɗan akuyan ba. Awwad ne ya kai mu titi a a-kori-kurar, ta wata hanya mai nisa da ta kauce wa ƙauyen, Jiryis a gaba, ni a baya tare da buhunan sha'ir. Ya sauke mu a wata rumfar jiran bas, ya miƙa wa Jiryis gorar ruwa da gurasa a ƙulle, ni ko kallona bai yi ba, ya juya.

Jiryis ya zauna a kan bencin siminti ya miƙe ƙafar.

“Jaki na ce maka,” ya ce, a gajiye. “Kalma ɗaya.” Can kuma ya ce, “Kira ta mana. Me kake jira?”

Ina jira ne saboda na san abin da nake so ta ce. Ina so ta ce a'a. Ina so ta ce wane irin gida ne wannan da 'ya'yana ba za su shigo ba, bar shi, na zauna a nan. Na yi wata da watanni ina gudun tambayarta, yanzu da na samo amsa sai na ga ban shirya rabuwa da ita ba ko kaɗan.

Rasmiyya ce ta ɗauka, ta fara faɗan kwana biyu ba a same ni ba. Na ce ta ba Yumma.

“Nawwaf? Kana ina?”

“Yumma, an yi magana.”

Na ji kujerar ta motsa. Na gaya mata duka, kwarin, tantin, finjalin. Ba ta katse ni ba.

“Abu Sayil da bakinsa?”

“Da bakinsa.”

“A gaban wa?”

“Ɗan'uwansa Awwad, da Jiryis.”

“Ka sha gahawar?”

“Na sha. Amma Yumma, ki saurara da kyau. Ke kaɗai ce. Ni ba zan zo ba, Mifleh ba zai zo ba, jikanki Yazan ba zai zo ba. Ko ciwo kika yi. Ko da, ko da ta Allah ta kasance, su za su yi komai. Ba za mu tsaya a kanki ba.”

“Na ji tun farko, ba kurma ba ce ni.”

“Ba dole ba ne ki amsa yau. Ki yi tunani, in dawo mu zauna, a kira Mifleh.”

Har na fara sa rai.

“Jiryis ɗin, ƙafar tasa da sauƙi?”

“Da sauƙi.”

“Ka gaishe shi. Allah ya yi maka albarka, ɗana.” Sai muryarta ta yi nisa, ta juya daga wayar. “Rasmiyya. Rasmiyya, zo. Ɗan'uwanki mai tasi, yana zuwa kudu? Tambaye shi ko gobe. Baƙar rigata tana cikin wanki, a ciro ta ko ba ta bushe ba. Almakashin datse inabi kuma, in akwai mai kyau a kasuwar nan a saya mini, nawa na san ya yi tsatsa.”

Ta manta ba ta kashe ba. Na tsaya a bakin titin da wayar a kunne ina jin ta tana ba da umarni, da wata murya mai ƙarfi da ban ji ba tun kaka, tana lissafa abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Bas ya zo, Jiryis ya ɗaga masa hannu ya wuce. Ina ta jira ko za ta dawo kan wayar, har na ji Rasmiyya ta ce, “Yumma, kin bar shi a kan layi,” ita kuma ta ce, “Kashe, kada kuɗinsa su ƙare.”